Inna Mai Tankar Ruwa

A rana ta tara da kafa dokar kulle Lukasi ya gane cewa tsohuwa Ulusi ƙarya take yi wa gari.

Shi ba likita ba ne, direban tankar ruwa ne. Amma a Sikulik, can ƙuryar arewacin duniya, inda ƙasa ta daskare har ba a iya binne bututu, kowane gida da tankinsa, kuma mai cika tanki ya san abin da maƙwabci bai sani ba. Shekara goma sha shida yana jan tiyo daga wannan ƙofa zuwa waccan. Yakan gane gidan da aka yi haihuwa tun kafin a sanar a rediyo, ya kuma san wanda matarsa ta yi fushi ta koma gidansu, don ruwan gidan sai ya kwana huɗu bai motsa ba. Aikin ba shi da wani sirri: ka maƙala tiyo, ka kunna inji, ka jira har ruwa ya feso ta ɗan bututun da ke sama, ka san tanki ya cika. Gidan Ulusi minti shida yake ci duk bayan kwana biyu, domin matar nan ba ta yarda ta wuni ba ta goge daɓe ba, ga wankin fatu, ga dahuwar nama. Shekaranjiya bai kai minti biyu ba. Yau kuwa ko safar hannunsa bai gama gyarawa ba ruwa ya feso.

Ya kashe inji ya tsaya yana duban tagarta. Labule a sake. Tun da aka hana ziyara, duk ranar ruwa sai ta ɗaga labulen nan ta manna fuska a gilashi ta ƙwala masa kira: "Inna! Kulle ya karɓe ki, dubi tumbi!"

Namiji ne tiƙeƙe mai gemu, shekararsa arba'in da ɗaya, amma Inna take kiransa, kuma duk garin ba wanda ya taɓa jin abin wani iri. Sunan mahaifiyarta aka ba shi ranar da aka haife shi, Nauja, ƙari a kan Lukasi, kuma a wurinmu wanda ya ɗauki sunan mamaci ya ɗauke shi da dangin mamacin gaba ɗaya. Tun yana rarrafe Ulusi ke ajiye masa kitsen barewa tana cewa uwarta na son wajen nan. Shi kuma 'yata yake ce mata, yawanci da dariya a bakinsa.

Yau ba dariya. Tsoro ne ya kama shi.

In ana maganar korona, mutanen ƙasar nan ba su zauna ta zo ta same su ba. Tun tana can kudu aka rufe mata hanya. Ba titin mota da ya iso mu, jirgin sama ne kaɗai, don haka duk mai dawowa gida, ko mai jego ce, ko ɗan makaranta, ko wanda ya je a cire masa haƙori, sai ya yi mako biyu a ɗakin otal a can kafin a bar shi ya hau. An yi ƙorafi, an yi zagi a waya, amma an zauna. Wata takwas cur duniya na binne mutane, mu ko mutum ɗaya. Da cutar ta sami kafa ta shigo, kafin gari ya waye sau biyu an rufe makaranta da coci. Mata suka zauna kan keken ɗinki suna yin takunkumi da ragowar yadin rigunan sanyi. Maharba suka fita kan baburan ƙanƙara, suka dawo da barewa da kifi, aka yanka, aka bi gida-gida ana ajiyewa a ƙofar tsofaffi. Ba wanda ya buƙaci dogon wa'azi. Mun san gidajenmu, mutum goma a ɗaki biyu. Mun san asibitinmu, gado huɗu, kuma likita mafi kusa tafiyar awa uku ce a sama.

Abin da ya fi ciwo shi ne hana ziyara. Rediyon gari ya maye gurbinta. Kowace safiya tsofaffi sukan bugo waya su gaisa a ji muryarsu. Ulusi, wadda da in ta kama layi sai mai gabatarwa ya sako kiɗa a kanta kafin ta haƙura, kwana huɗu ke nan magana uku take yi: "Ulusi ce. Lafiyata ƙalau. Ku wanke hannu." Sai ta ajiye. Mutane har yabonta suke, wai tsohuwa ta koyi taƙaitawa.

Lukasi ya naɗe tiyo, ya juya tanka, ya nufi asibiti.

Tapisa ce ta leƙo ta taga, takunkumi biyu a fuska, idonta jajur don rashin hutu. 'Yar gari ce, ita ke yi wa nas-nas ɗin kudu tafinta kafin ita ma ta je ta karanto aikin.

"Lukasi, in tankinmu ka zo cikawa, ta baya yake."

"Ulusi ba ta da lafiya."

"Na ji ta a rediyo da safen nan."

"Ni ma na ji ta. Kin taɓa jin ta ajiye waya ba ta zagi farashin sukari ba? Ruwanta bai motsa ba, Tapisa. Kwana huɗu ba ta dafa komai ba, ba ta wanke komai ba. Magana uku take yi ta kashe don kada tari ya tona mata asiri."

Tapisa ta ce, "Sau biyu muna zuwa gwajin tsofaffi. Na ƙwanƙwasa, na ƙwanƙwasa, ba ta buɗe ba. Na ɗauka barci take."

"Kin me?"

"Na ƙwanƙwasa."

"Ke? 'Yar Sikulik? Wa ya taɓa ƙwanƙwasa ƙofa a gidanku?"

"Haka takardar ta ce. A ƙwanƙwasa, a ja da baya taku shida, a jira." Tana faɗa tana jin yadda maganar ke fita, muryarta na raguwa.

Takardar ba ta yi laifi ba, wanda ya rubuta ta bai taɓa kwana a nan ba ne kawai. A garin nan ba a ƙwanƙwasa ƙofa. Ka tura, ka kakkaɓe ƙanƙarar takalmi, ka shiga, ka zuba wa kanka shayi, in ka ga dama ka yi magana. Baƙo ne yake ƙwanƙwasawa, kuma a zamanin da Ulusi ta tashi baƙon da ya ƙwanƙwasa bai taɓa zuwa da alheri ba. Tapisa ta san wannan sarai. Gajiya ce da bin ƙa'ida suka sa ta manta ko ita wace ce, kuma kunya ta rufe ta har sai da ta kau da kai.

"To bari in shiga," in ji Lukasi.

"Ba za ka shiga ba. In cutar ce, ka shiga killacewa mako biyu. Ku uku ne masu tanka, ɗaya na killace a ɗaki tun jiya. Gida ɗari da tamanin, kowa an ce ya wanke hannu. Da me za su wanke, da yawu?"

"Zauren fa?"

Kowane gida yana da ɗan zaure mai sanyi tsakanin ƙofar waje da ta ciki, inda ake ajiye takalma da daskararren nama. Tapisa ta yi tunani. Ta ce in ƙofar waje na buɗe, ta ciki na rufe, takunkumi na fuskarsa, ba ta ga inda dokar ta hana ba. Ta ce ya ba ta minti goma ta sa kayan kariya.

"Ki tsaya bayan tanka," ya ce mata. "Kada ta hango farar rigar nan tukuna."

Rana ta ɗan leƙo can ƙasa-ƙasa, kamar yadda take yi a wannan watan kafin ta koma. Lukasi ya hau matakala, ya tura ƙofar waje, ya buga takalmansa a katako da ƙarfi, dama da hagu, yadda ɗan gida yake yi. Naman da maharba suka kawo yana nan a ledarsa, ƙunshi uku, ba a taɓa ko ɗaya ba.

"'Yata!"

Sai tari, dogo, mai jan ƙirji. Sai takun ƙafa a hankali, da ƙarar kujera da aka jawo kusa da ƙofa.

"Inna? Me kike yi a zaurena? An hana."

"Ruwanki ne bai sauka ba."

"Tsimi nake."

"Ke? Ke da kike wanke cokali mai tsabta don kin ga ya yi miki kallon banza?"

Ta so ta yi dariya, tari ya ƙwace. Ya daɗe kafin ya sake ta. Lukasi ya dafa ƙofar da tafin hannu, yana jin numfashinta ta cikin katako, gajere-gajere.

"Mura ce," ta ce.

"To bari Tapisa ta duba murar."

"A'a."

"Ulusi."

"Na ce a'a! Sun zo sun ƙwanƙwasa, na ji su. Na san me ke biyo bayan ƙwanƙwasawa. Su saurari ƙirjinka, su dubi juna, su yi magana da yarensu, shi ke nan. Ni a gadona zan mutu, a binne ni kan tudu inda jikokina za su gan ni. Ke ya kamata ki fi kowa sani."

Ya sani, ko dai ya ɗauka ya sani. Kowa a garin ya san labarin a dunƙule: jirgin ruwan asibiti da ke zuwa da bazara a zamanin tarin fuka yana kwashe masu cutar zuwa kudu. Amma bai taɓa jin sa daga bakinta ba, kuma yanzu ta ba shi shi, a gutsure, tsakanin tari da tari. Shekararta tara. Wasu mutane biyu suka ƙwanƙwasa sandar tantinsu, aka ce kowa ya hau jirgi a duba shi. Da yamma kowa ya sauko ban da mahaifiyarta. Wani ma'aikacin jirgi ne ya miƙo ƙanen Ulusi jariri daga sama zuwa kwalekwale, an ciro shi daga bayan uwar, jikinsa da ɗuminta. Ulusi ta tsaya a bakin ruwa riƙe da shi har jirgin ya zama ɗigo. Shekara ashirin da huɗu ba labari. Ba a ce ta mutu ba, ba a ce tana raye ba, don haka ba a iya ba kowa sunanta ba. Jarirai na zuwa suna wucewa, sunan na ajiye. Sai da wata takarda ta iso, da sunan a rubuce ba daidai ba, ta ce an binne ta tun shekara ta biyu, a birnin kudu. Wata uku bayan takardar aka haifi Lukasi.

"Kin tafi ko waiwaye ba ki yi ba," in ji Ulusi. Muryar ba ta tsohuwa mai shekara saba'in da huɗu ba ce. "Na tsaya ina duban kowace taga ta jirgin nan. Ko hannu ba ki ɗaga mini ba."

Shekara arba'in da ɗaya yana ɗauke da sunan nan kamar hular da aka ɗora masa yana yaro: ya ci kitse da shi, ya sha tsokana da shi. Bai taɓa zaton wata rana za a tuhume shi da shi ba. Zai iya cewa, haba Ulusi, ni ne fa Lukasi, direba. Gaskiya ce, kuma da ya faɗe ta da ƙofar nan ba ta buɗe ba har abada.

"Can ƙasan jirgi suka kai ni," ya ce. "Ɗakin ba taga. Na roƙe su, ba mai jin yarenmu. Kina jin da na ga taga ba zan ɗaga miki hannu ba?"

Bai san daga ina maganar ta fito ba. Ta cikin ƙofa ya ji ta fashe da kuka, kukan yara, mai shessheƙa. Ya bar ta ta yi. Iska na shigowa ta ƙofar waje tana daskarar da hawayen da ke gemunsa.

Da ta lafa sai ya gyara murya, ya yi magana yadda bai taɓa yi mata ba, ba wasa a ciki.

"Yanzu ki saurare ni, ni na haife ki. Garin nan gaba ɗaya ya kulle kansa saboda wa? Yara sun bar makaranta, an bar coci, mutane sun yi mako biyu-biyu a otal suna cin ganye kamar zomaye. Saboda ku tsofaffi aka yi. Sai ke ki zauna bayan ƙofa ki mutu a ɓoye, ki mai da mu mutanen banza?"

"Za su sa ni a jirgi."

"Wataƙila. Ba zan yi miki ƙarya ba. In ƙirjinki ya fi ƙarfin gado huɗun nan, jirgi za ki hau. Amma wadda za ta saurari ƙirjin Tapisa ce, jikar Kunuk, wadda kika koya wa ɗinkin takalmi ta ɓata miki fata biyu. Da yarenki za ta gaya miki abin da ta ji. Ita za ta rubuta sunanki, daidai. Da waya za ki tafi a hannunki, kullum da safe ki bugo rediyo ki ishe mu. Wancan karon ɗauke ni aka yi. Wannan karon mu ne muke aika ki, kuma mun san inda muka aika."

Can ta ce, cikin ƙaramar murya, "Fata uku ta ɓata."

"To ki gaya mata da kanki. Tana waje tana daskarewa."

"Ki ce ta shigo. Amma in ta sake ƙwanƙwasa mini ƙofa, da tsintsiya zan tare ta."

Lukasi ya fita ya sauka daga matakala, ya ɗaga wa Tapisa hannu. Ta zo cikin farar riga da gilashin fuska, ta tsaya a zaure ta buga takalmanta, dama da hagu, ta tura ƙofar ciki ta shige.

Cutar ce, kuma ta ci ƙirjin sosai. Washegari da hantsi jirgin marasa lafiya ya sauka. Ba a yarda a taru ba, don haka mutane suka fito cikin motoci da baburan ƙanƙara, kowane gida a nasa, suka jeru a gefen hanyar filin jirgi da tazara tsakaninsu, ba wanda ya sauko. Lukasi ya kai tanka har bakin shingen waya, ya hau samanta ya tsaya inda ba yadda za a yi a rasa ganinsa. Da aka ɗaga gadon za a shigar, Ulusi ta sa aka dakata. Ta juyo da kai, robar iska a hancinta, ta nemo shi. Ya ɗaga hannu biyu sama, bai sauke ba har jirgin ya shige gajimare. Sannan ya sauko ya koma aiki, don gida sittin ke jiransa a ranar.

An gwada duk wanda ya kusanci gidanta, an killace wanda ya kamata. Kwana goma sha ɗaya Ulusi tana kan iskar asibiti. A na sha biyu ta bugo rediyo, ta yi minti ashirin tana bayanin yadda mutanen kudu suke dafa kifi har ya mutu sau biyu, mai gabatarwa bai sako kiɗa ba. Kafin ƙarshen wata na biyu cutar ta ƙare a Sikulik. Ta kwantar da mutum talatin da ɗaya, ba ta binne ko ɗaya ba.

Ana gobe za ta shiga otal ɗin killacewa na masu dawowa gida, wayar Lukasi ta yi ƙara yana tsakiyar cika tankin makaranta.

"Inna."

"'Yata. Sun sallame ki?"

"Sun sallame ni. Na sa wata yarinya nas ta binciko mini a takardunsu, yau ta kai ni a motarta." Ta ɗan tsaya. "Na je inda suka ajiye ki."

Lukasi ya kashe inji.

"Wuri ne mai itatuwa, manya-manya, ba a ganin nesa. Ba suna, lamba ce a kan ɗan dutse. Na share ƙanƙarar da ke kai. Na tsaya, na tsaya, ina jira in ji wani abu. Yarinyar har ta kawo mini kujera, ta ce in zauna in yi kukana, ba sauri take ba."

"Kin yi?"

"Kukan me? Na ce mata ta naɗe kujerarta mu tafi, sanyi nake ji. Na ce mata ba kowa a nan, uwata tana gida."

Ya zauna a kan matakalar tanka, wayar a kunnensa.

"Inna? Kina ji na?"

"Ina jin ki," ya ce. "Ki dawo."